Ɗigon da Ke Ƙarƙashin Motar Mai Lofe

Kwanana shida da barin ƙauyenmu na ƙasar Tasawa na shiga ƙasar da Ingilishi ke mulki ban ma san na shiga ba. Wata tsohuwa mai roron wake na tambaya inda iyaka take, ta nuna bayana da haɓa ta ce, "Ai ka baro ta tun hantsi." Na zauna nan bakin gonarta na yi hamdala.

Sunana Isuhu, maƙeri ɗan maƙeri. Aikin dole ne ya fitar da ni daga gida. Faransa sun ɗebi wana zuwa aikin hanya, rigarsa kaɗai aka dawo mana da ita. Da mai gari ya aiko cewa bana ni ne, sai na ɗora zuga-zugi da uwar maƙera da masaba a kan jaki, na bar matata Hajo da cikin wata biyar a hannun mahaifiyata, na nufi Sakkwato, don an ce can maƙeri ba ya kwana da yunwa.

A Sabon Birni na gamu da wani mutum mai suna Ɗan-Tani, fari, mai yawan dariya, ya ce shi ma Sakkwato za shi, kuma ya san kowane lungu nata. Kwana uku muna tafe tare. Ƙosai ɗaya idan ya saya sai ya raba biyu ya miƙo mini babban ɓangaren. Da muka iso gulbi kusa da Goronyo, ruwa bai gama janyewa ba, kwalekwalen kuma ƙarami ne. Ya ce, "Bari in fara ƙetarewa da kayan, in ja jakin ya yi iyo a gefe. Kai ka biyo a sawu na biyu." Ina tsaye ina kallo har suka kai gaci. Ya ɗaga mini hannu. Kafin mai fito ya dawo ya ɗauke ni, babu Ɗan-Tani, babu jaki, babu uwar maƙerar da kakana ya yi aiki a kanta. Na bi sawu har magariba, sawun ya shige cikin na shanu ya ɓace. Abin da ya rage mini awartaki ɗaya da ƙaramar guduma da ke cikin burgamin da na rataya.

A Wurno na kwana a zauren wani malami wanda bai tambaye ni komai ba, sai ya sa aka kawo mini tuwo. Ban iya ci ba. Na yi ta kallon miyar ina tunanin abin da zan ce wa mahaifiyata game da uwar maƙera.

Na shiga Sakkwato da la'asar, na yi ta tambaya har aka nuna mini maƙera. Sun karɓe ni da mutunci, sun ba ni ruwa, amma da na yi maganar aiki sai kowa ya sunkuyar da kai. Baƙo ba ya kafa maƙera sai da izinin sarkinsu, kuma maƙerin da ba shi da kayan aiki, wa zai tsaya masa? Ɗaya daga cikinsu ya ce in riƙa yi masa zuga. Mako uku na yi ina zuga wa mutumin da na fi shi iya ƙira, ladana tuwon dare. Yaransa suka sa mini suna Ɗan Faransa, sunan kuwa ya bi ni ko'ina. Ranar da na ɗauki gudumarsa na gyara bakin wata hauya da ya ɓata, a gaban mai hauyar, washegari ya ce ya sami wani mai zuga.

Daga nan sai dako. Bayan ganuwa, wajen hanyar bariki, akwai wani kamfanin Turawa mai sayen fatun jar akuya da kirgi. Baturen wurin ba wanda ya san sunansa, Mai Lofe ake ce masa, don ko magana zai yi ba ya cire lofen tabarsa daga baki. Aikinmu mu kwance fatu, mu barbaɗa musu wani farin gari mai kashe ƙwari, mu ɗaure, mu jera a sito. Garin nan yana cin hannu. Cikin wata guda duk tsakanin yatsuna ya tsage, ga wari ya kama jikina har a masallaci sai in ga ana ɗan matsawa daga kusa da ni.

A nan na san Baba Gado, mai gadin wurin. Tsoho ne dogo, ƙashi da fata, ido ɗaya ya yi fari. Rana ta uku ya gan ni zaune gindin bango lokacin da sauran 'yan dako suka tafi sayen abinci, ya tsaya a kaina.

"Kai baƙo, mi kaka jira nan? Taho mu sha hura."

Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Ƙoshinka ya kai har ga idanunka, ina gani. Taho."

Tun daga ranar nan ƙwaryarsa ta zama tamu mu biyu. 'Yarsa da ke aure a Ƙofar Marke ita ke aiko masa da fura kullum, shi kuma ya raba. Ya ba ni gefen rumfarsa na riƙa kwana. Ya samo man kaɗanya ya ce in riƙa shafa wa hannuna. Idan kewar gida ta taso mini na fara lissafin watannin cikin Hajo da yatsu, ba ya ce mini in yi haƙuri kamar yadda kowa ke faɗa. Sai ya ce, "To faɗa mini, in namiji ne wane suna?" Mu yi ta gardamar suna har zuciyata ta yi sanyi.

Mai Lofe yana da mota. A lokacin nan motocin da ke Sakkwato duka ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, idan ta taso mata sukan kwashe yara su shige gida. Direbanta Alu, ana ce masa Alu Ɗan-Ikko, don can ya girma ya koyi tuƙi. Bahaushe ne kamar mu, amma da gajeren wando da takalmin Turawa yake yawo, kuma ba ya gaida kowa sai Bature. Wata rana wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar, Alu ya ce sai an aika Zariya. Baba Gado ya ce masa, "Ga maƙeri nan kuna sa shi ɗaukar kirgi." Na aro wuta da uwar maƙera a gari, na ƙera wani ƙarfen a yini guda. Ya zauna daram. Tun daga nan aka cire ni daga fatu aka ba Alu ni. Ni ke wanke ta, ni ke murɗa ƙarfen gaba har inji ya tashi, ni ke shiga ƙarƙashi idan wani abu ya kwance. Ba zan ci amanar gaskiya ba, Alu ya koya mini abubuwa. Ya nuna mini tankin fetur da ke ƙarƙashin kujera da ɗan famfonsa, ya nuna mini inda baƙin mai ke zama, ya nuna mini lagireto a gaba, wanda ake cika shi da ruwa don inji ya sha iska. A karo na farko tun da na baro gida, na fara tunanin zan iya tara abin sayen kayan ƙira in aika a ɗauko Hajo.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Mai Lofe kwana biyar. A cikin kwanakin nan, wata safiya Alu ya aike ni cikin gari neman gawayi da dalma, ya ce kada in dawo sai na samo mai kyau. Baba Gado kuma ranar nan ya tafi gidan 'yarsa ya yi barci. Da na dawo bayan la'asar, na tarar da motar a rumfarta an wanke ta tas, Alu ne ya wanke da hannunsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce daga yau shi zai riƙa duba ruwanta, kada in sake taɓa gabanta. Ban kawo komai a raina ba.

Washegari a masallaci na ji ana zancen wata mata mai sayar da tukwane da aka tsinta a kan hanyar Wamakko, tukwanenta a farfashe, ita kuma ta cika kafin a kai ta gida. An ce garken shanu ne ya bi ta kanta. Aka yi mata addu'a, kowa ya kama gabansa.

Ranar Litinin Mai Lofe ya miƙe. Ya zo rumfar mota da sandarsa, ya zura wani tsinke cikin tanki ya zaro, ya duba, ya sake zurawa. Fetur ya ragu da kusan garwa guda. Fetur kuwa a lokacin a kan raƙumi da jaki yake zuwa daga nesa, Bature ya fi son a mare shi da a taɓa masa fetur. Yana juyawa sai ya ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin motar, daidai saitin kujera, faɗin faifai. Ya nuna da sanda.

"Alu, mene ne wannan?"

Alu ya durƙusa ya dangwala ya shinshina, ya miƙa wa Bature yatsan. "Fetur ne, ranka ya daɗe. Wani ne ke buɗe famfo yana tara a kwalba, ba ya rufewa da kyau. Kwana uku ke nan ina ganin haka."

"Wa ke kwana nan?"

Ni ma a nan nake kwana, amma Alu bai dube ni ba, don yana bukatar hannuna. Ya dubi Baba Gado.

Tsoho ya ce, "Wallahi, ranka shi daɗe, ko inda famfon yake ban sani ba."

Mai Lofe ya sa hedima, shugaban 'yan dako, ya ɗaure shi a turken rumfa. Bulala goma sha biyu aka yi masa, muna tsaye. Bai yi kuka ba, salati kawai yake yi, a ta takwas muryar ta ɗauke. Aka kwance shi aka jefa cikin siton fatu, Bature ya ce ba zai fito ba sai ya faɗi wanda yake sayar wa fetur. Siton nan ba taga, rufin kwano ne, ga garin nan mai cin hannu a ko'ina.

Ranar Talata da hantsi Bature ya hau doki ya tafi kasuwa, Alu ya shiga gari. Na je na tsuguna gaban jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni tun jiya. Na sha zuba fetur, na san halinsa: idan ya zube, kafin ka je ka dawo ya bushe. Wannan kuwa ya kwana, ya yi hantsi, yana nan da danshinsa. Na shinshina sama-sama, warin fetur ne. Na tona da yatsa kamar zurfin gaɓa biyu, na ɗebo ta ƙasa. Babu warin fetur ko kaɗan. Ashe yayyafa shi aka yi a kai.

Na je wurin kukun Bature na roƙi tsohon buhun fulawa, na farke shi na shimfiɗa a ƙarƙashin motar, na kwanta a gefe ina jira. An daɗe kafin ɗigo na farko ya faɗo. Na biyu ya biyo. Na bar shi ya taru, sannan na jawo ƙyallen zuwa haske. A gefe guda na ɗiga fetur daga famfo, ya yi sanyi a yatsa, ya ɓace ya bar ƙyalle fari. Na zaro tsinken baƙin mai na goga, ya yi baƙi ƙirin, ya zauna da maiƙonsa. Na lakato man da ke cikin tulun ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, shi kuma kauri gare shi kamar maɗi, ga ɗoyi. Abin da ke ɗiga ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Launinsa tsakanin tsatsa da kore, kuma da na murza shi tsakanin yatsa biyu na buɗe, sai ya yi zare. Yauƙi gare shi. Ban san wani abu mai yauƙi da ake zuba wa mota ba.

Mahaifina yakan ce abin da ido da hanci suka kasa, a ba harshe. Na ɗanɗana. Tsatsa na fara ji, sai ɗan ɗaci, sannan wani ɗanɗano da na sani tun ina goye. Kuka ce. Garin kuka, irin wanda mahaifiyata ke kaɗa miya da shi. Na zauna cikin ƙasa da ɗanɗanon gidanmu a bakina, na rasa dariya zan yi ko me. Sai na tuna a garinmu idan randa ta yi tsaga ana kwaɓa kuka a zuba don ta toshe. Wani ya zuba wa motar nan kuka a inda ruwa ke zama, kuma ruwa wuri ɗaya yake zama, a gaba. To me ya kawo ɗigon tsakiya?

Na ɗebo toka a murhun kuku, na shiga ƙarƙashi da rigingine, na riƙa watsa ta jikin dogon ƙarfen da ya ɗauki motar daga gaba zuwa baya. Inda ya bushe tokar ta zauna fara, inda ya jiƙe ta yi baƙi. Sai ga hanya ta fito siririya kamar sawun katantanwa. Rumfar tana da ɗan gangare, gaban motar ya fi bayanta tudu, shi ya sa ruwan ke bin ƙarfen ya gangaro, sai ya zo kan wani ƙusa kusa da famfon fetur ya ɗiga. Na bi hanyar ina jan jiki da baya, ina watsa toka, har kaina ya kai ƙarƙashin lagireto. Akwai wani faranti na kwano da ke kare gindinsa. Na ga an lanƙwasa shi an miƙar, kuma wanda ya miƙar ba maƙeri ba ne, da dutse ya buga. Na kwance shi.

Gindin lagireton ya loɓa ciki, ya tsage kamar tsawon ɗan yatsa, an cusa sabulu a tsagar, ruwan kuka na tsattsafowa ta gefe. A cikin ramukan da iska ke bi na ga wani abu ja ya maƙale. Na sa awartaki na zaro. Tsingaro ne, ɓallin sabuwar tukunya, ko wuta ba ta taɓa gani ba. Na sake zura awartaki. Wannan karon zare ne na baƙin saƙi, irin na zanen matan ƙauye, da wani ɗan dunƙulen gashi a manne da shi. Ba gashin akuya ba ne. Na ɗauki fatun akuya sun fi a ƙirga, na sani.

Ban ji zuwan Alu ba, takalmansa kawai na gani a saitin fuskata. Ya tsuguno, ya dubi buhun, ya dubi tokar, ya dubi abin da ke tafin hannuna.

"Fito, Maƙeri."

Na fito. Na ce, "Matar hanyar Wamakko."

Bai musa ba. Ya ce wani attajiri ne ya roƙe shi ya kai shi ƙauye ya dawo, a hanyar dawowa matar ta fito daga bayan geza da tukwane a ka, ta ji ƙara ta ruɗe, maimakon ta koma sai ta shigo. "Na taka birki. Allah ya sani na taka." Sannan ya share fuska, murya ta canza. "Yanzu ka saurare ni, Ɗan Faransa. Na san abin da ya koro ka. Takarda ɗaya akawu zai rubuta, a sa maka igiya a wuya a miƙa ka bakin iyaka. Ka san abin da suke yi wa wanda ya gudu. Tsohon nan kwana biyu zai yi a sake shi, ba kashe shi za a yi ba. Kai kuwa kana da mai ciki a gida."

Ni na gaya masa zancen cikin Hajo, wata rana muna hira.

Na mayar da farantin, na share tokar, na ƙulle tsingaron da zaren a bakin wandona. Ban faɗa wa kowa ba ranar Talata. Ban faɗa ba ranar Laraba. 'Yar Baba Gado takan zo da ƙwaryar fura ta tsaya bakin ƙofa, hedima ya karɓa ya tura ta ƙarƙashin ƙyaure. Ranar Alhamis ta tare ni ta ce, "Kai ne baƙon da Baba ke ba labari? Don Allah in ka san wani abu ka taimake mu." Na ce mata Allah zai bayyana gaskiya, alhali gaskiyar na ƙulle a wandona. Da azahar na wuce ta jikin sito na ji tarinsa. Ba irin tarin da na saba ji ba ne, kamar ana yage tsumma.

Ranar Juma'a da safe hedima ya jawo ƙwaryar jiya daga ƙarƙashin ƙyaure, furar na nan ba a taɓa ba, ta yi tsami. Ina ganin haka na wuce kai tsaye barandar Mai Lofe, wurin da ba a yarda irinmu su taka ba. Yana shan shayi. Na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ke ɗiga ba fetur ba ne. Zo in nuna maka."

Ya biyo ni. Na yi masa duk abin da na yi ranar Talata, buhu, ɗigo huɗu a jere, toka. Har durƙusawa ya yi da farin wandonsa ya leƙa tsagar. Alu na tsaye jikin turke kamar an dasa shi. Na kwance ƙullin na zuba wa Bature a hannu, na gaya masa zancen matar. Ya daɗe yana juya tsingaron da yatsa. Ya dubi Alu, ya yi masa magana da Turanci, gajeriya, Alu ya amsa da kai a sunkuye. Sannan ya juyo gare ni da gurguwar Hausarsa.

"Wa ya gani, ban da kai?"

"Ba kowa."

Ya zuba tsingaron da zaren a aljihu. "Ka iya liƙe wannan?"

"Na iya. Amma matar, ranka ya daɗe..."

"Babu mace. Shanu ne. Kowa ya ce shanu ne." Ya gyara lofensa. "Fatu da yawa, direba ɗaya. Liƙe."

Aka buɗe sito. Mutum biyu ne suka fito da Baba Gado, bayansa ya kumbura, garin nan ya shiga miki. Bature ya ce a kai shi gida, ya tsufa da gadi, za a nemi wani. Ko kallon inda yake bai yi ba.

Na sauke lagireton, na wanke kukar, na buga loɓar ta fito daga ciki, na goge tsagar har jan ƙarfen ya yi ƙyalli, na narka dalma na bi ta a hankali. Na cika shi da ruwa na rataye yini guda, ko gumi bai yi ba. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa tsanar aikin hannuna kamar ranar nan ba. Alu ya zo yana murmushi ya ce abin da ya wuce ya wuce, har ya miƙo mini goro.

Da la'asar na tafi Ƙofar Marke. Na sami Baba Gado kwance rub da ciki a zauren surukinsa, an shafa masa magani. Na gaya masa komai, na tsallake abu ɗaya. Ya saurara har na gama, idonsa mai gani a kaina.

"Yaushe kas sani, Isuhu?"

Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. "Ranar Talata, Baba."

Ya tanƙwashe yatsa ɗaya, biyu, uku a kan tabarma. Tari ya taso masa, 'yarsa ta leƙo, ya ɗaga mata hannu ta koma.

"Tsoro ba zunubi ba ne, ɗana, kowa na da nashi. Ni na yahe maka, don kada in tahi da kai a wuyana. Amma kada ka sake zuwa nan, ɗiyata ba ta da irin haƙurina." Ya numfasa. "Ni ina da rai, na ji wanda yac cuce ni. Ita fa? Mutanenta na can suna zagin shanu."

Ban koma kamfanin ba sai don ɗaukar burgamina. Washegari da sassafe na kama hanyar Wamakko ina tambaya, har aka nuna mini ƙauyen maginan tukwane, ɗan nesa da hanya. Mijinta tsoho ne gajere, na same shi yana gyaran danga. Na yi masa ta'aziyya, muka zauna a inuwa. Na ce ni baƙo ne, amma na zo da magana mai nauyi: ba shanu ne suka kashe matarsa ba.

Ya ce, "Mun sani."

Na dube shi.

"Ƙanena ne ya fara isa wurin. Sawun taya na nan ɓaro-ɓaro, kamar macizai biyu. Shanun daga baya sunka biyo. Mu da kanmu munka ce shanu ne." Ya tsinke wani kara ya jefar. "In mun ce motar Nasara ce, wa za mu kai ƙara wurinsa? Sai dai a zo a kwashe samarinmu a ce mun yi ƙazafi. Kai ina ka sani?"

Na gaya masa ni ne na shiga ƙarƙashin motar na ga tsingaro.

"Ta lalace ke nan?"

"Ta tsage. An liƙe."

"Wa ya liƙe?"

"Ni ne."

Ya daɗe yana kallon hannuwana. Na zaci zai tashi ya kira mutane, kuma da ya kira ba zan gudu ba. Sai ya miƙe ya shiga gida, ya fito da ruwa a moɗa da ɗan dunƙulen fura a ganye. Ya tambayi inda na nufa, na ce Argungu. Ya ce hanyar da nisa, kuma babu rijiya sai an wuce gari biyu. Ya raka ni har bakin danga, ya koma ya ci gaba da ɗaure karansa.

A Jega na sami maƙerin da ya karɓe ni, a can na zauna. Damina biyu ta wuce kafin wani falke ya kawo mini labarin gida: Hajo ta haifi namiji, an sa masa sunan wana. Falken nan ta Sakkwato ya biyo, sai na tambaye shi ko ya san wani tsohon mai gadi mai ido ɗaya a Ƙofar Marke. Ya ce ya san gidan. Tsohon bai ga ruwan farko na shekarar da na baro can ba, tari ne ya tafi da shi. Motar Mai Lofe kuwa, in ji shi, tana nan tana aiki lafiya lau, mutane har mamakin ƙarkonta suke yi.